Ɗawisun da Ya Ci Hannun Yaya Asabe

Matso kusa, 'yar uwa, ja tabarmar nan ki zauna. In kuma namiji ne ke karantawa, kai ma tsaya ka ji, don ba ka rasa uwa ko ƙanwa mai riƙe allura ba. Sunana Binta. Ni ba mai dogon karatu ba ce, a firamare na tsaya, kuma ba mai yawo ba ce. In kika gan ni a wajen gidanmu na unguwar Yerimaram, to biki ne ko rasuwa ko cefane. Amma Allah ya ba ni kunne. Abin da aka faɗa a gabana ko a bayan labule ba ya ɓace mini. Abin da na ji, na kuma gani, a jinyar yayata Asabe, shi zan ba ki, don kada ya faɗa wa wata.

Ni da Yaya Asabe uwa ɗaya uba ɗaya muke. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda yana can Kudu yana tuƙin babbar mota, ita kaɗai take zaune a ciki da falo a unguwar Dogo Nini. Abin da ya riƙe ta a duniya ɗinki ne. Ba na keke ba, na hannu, irin wanda ake bin idon ƙyalle ana ƙirgawa, a soka allura a gitta zare, a dawo a gitta wani a kansa, a yi ta yi har fure ya fito. Masu koyo a kan buhu suke farawa da zaren ulu. Yaya kuwa a farin yadi take yi da siririn zare, in kika juya bayan ɗinkinta ba za ki ga ƙulli ko ɗaya ba. Ba ta taɓa sayarwa ba. Ta ce ranar da ta sa wa ɗinki farashi, daɗinsa ya tafi.

Suna da ƙungiya, su matan da ke son wannan aiki, suna ce mata Musaya. Kowace mace tana da launin zarenta. Bayan Ƙaramar Sallah sai su taru a gidan shugabarsu, Hajiya Falmata, kowa ta jefa guntun zarenta a kwano, a rufe da faifai, kowa ta zura hannu ta zaro. Wadda kika zaro launinta, ita za ki ɗinka wa kyauta, a kawo ana dab da Babbar Sallah. Dokarsu ɗaya ce: wadda ba ta kawo ba, ba ta karɓa, kuma zarenta ba ya sake komawa kwano. Launin Yaya ruwan goro ne. A gidan nan kaɗai ake tashi a ba ta kujera, ana ce mata Malama.

Na taɓa yi mata tsiya, na ce, “Yaya, ke da Musayar nan sai ka ce aure.”

Ta ce, “Ke kina da miji da 'ya'ya da hayaniya, Binta. Ni in aka cire ni daga kwanon nan, wa zai san ina raye?”

Ki riƙe maganar nan, don ita ce ta kai mu inda muka je.

Bara Yaya ta zaro shuɗi, launin Hajiya Falmata kanta. A ƙa'ida ba a zaɓen abin da za a ɗinka miki, amma wa zai gaya wa matar gida? Nan take Hajiya ta ce zanin gado take so, babba, da ɗawisu a tsakiya ya baje jela, don surukanta na Damaturu za su zo mata Sallah. Yaya ta zo ta ba ni labari tana murna kamar an ba ta kujerar Makka.

Tun kafin wannan akwai abubuwan da muka gani muka yi wa dariya. Yaya ta zama mai shan ruwa kamar raƙumi, in ta zo gidana sai ta kusa ƙarar mini da randa. Fitsari kuwa, ba ta gama zama ba ta tashi. Ta rame, zobenta ya fara juyawa a hannu. Har ta ce mini tururuwa sun addabi banɗakinta, na ce ta zuba kananzir. Ki ji fa, kananzir na ce. Ba wanda ya taɓa gaya mana waɗannan alamun ciwon suga ne.

Tana tsakiyar jelar ɗawisun, wajen da zare ya yi kauri, ta danna allura da ƙarfi, gindin allurar ya shige mata ƙarƙashin farcen ɗan yatsan nuni na hannun dama. Ta tsotse jinin ta ci gaba. Wace mai ɗinki ce allura ba ta taɓa soka ba?

A satin farko yatsan ya kumbura, ya yi ja, yana bugawa kamar da zuciya a ciki. Ranar da na kai mata tuwo na tarar da 'yan Musaya biyu a falonta: Hajiya Falmata da ta zo duba inda aiki ya kai, da Inna Dije, wata tsohuwar Bafulatana da suka baro rugarsu ta wajen Nangere suka zauna a gari. Inna Dije ta kama hannun ta jujjuya.

“Karkare ne, yarinya. Ba a kai karkare asibiti. Suna ganinsa za su sa wuƙa, shi kuma ba ya son ƙarfe. A samo lemon tsami, a huda, a zuba kanwa, a zura yatsan a ciki. Zai nuna ya fashe da kansa.”

Na ce, “Inna, ko dai a je ko kemis ne a gani?”

Hajiya Falmata ta dube ni sama da ƙasa. “Ke ce ƙanwar? To ki bari manya su yi magana. In suka naɗe mata hannu da bandeji kamar dambe za ta, wa zai ƙarasa mini ɗawisu? Sallah jiranmu za ta yi?” Sai ta juya ga Yaya da murmushi. “Malama, ai ke ko da ƙafa kika ɗinka ya fi na wasu. Ki daure. In mun yi Musaya ni da kaina zan sa direba ya kai ki.”

Yaya ta yi dariya, ta ji daɗin yabon. Na koma gida da kwanona.

Sati na biyu na same ta zaune bakin ƙofa inda haske yake, lemon tsami a kan yatsa kamar an sa masa hula, ta riƙe allura da babban yatsa da na tsakiya, tana ɗinki tana cije leɓe. Gumi na zuba. Ruwan lemon da wani ruwa-ruwa daga ciwon suna ɗiga, ta sa tsumma a cinya tana tarewa. Duk da haka wani ya sami gefen zanin ya yi tabo. Ba ta yi kukan yatsa ba, tabon ta yi wa kuka.

Shawara kuwa ta yi ta zuwa kamar ruwan sama. Wannan ta ce a canza lemo a sa gauta. Waccan ta ce man shanu da toka. Wata ta aiko da garin magani a ƙullin leda ta ce daga Gashuwa aka kawo. Ƙanwar babanmu ta ce baki ne, mutane sun cika yabon hannun, a nemo rubutu. Duk an yi. Abu ɗaya ne ba a yi ba. Kullum na ce asibiti, sai Yaya ta ce, “Saura ƙiris, Binta. Saura ƙafafun ɗawisu da kusurwa ɗaya.”

A sati na uku ta ce mini ciwon ya daina zafi, alhamdu lillahi, maganin ya kama. Ta yi murna, ni ma na yi. Sai da na matso zan zauna na ji wari. Ba zan kwatanta miki shi ba, kina iya cin abinci. Na cire gautar da ƙarfi tana zagina. Yatsan ya yi baƙi kamar gawayi, bayan hannun ya kumbura yana ƙyalli, jikinta zafi rau. Na kira maigidana, Baban Sadiya, a waya yana kasuwar shanu wajen dillancinsa. Ya baro ciniki ya taho da keke napep. Yaya ta riƙe ƙyauren ƙofa da hannun hagu tana cewa a bar ta ta cire zaren daga allura tukuna. Ɗaukarta ya yi.

Asibiti, kin san shi. Layin yankar kati daban, layin ganin likita daban, layin awon jini daban, kowanne da kuɗinsa, kowanne da mai ce miki ba nan ba ne, can ne. Mun je da hantsi, ba mu ga likita ba sai bayan la'asar. Matan da ke kusa da mu a benci suna ta matsawa suna toshe hanci da mayafi, Yaya ta cusa hannun cikin hijabi ta sunkuyar da kai.

Likitan yaro ne, bai fi sa'an ɗanta ba. Ya buɗe hannun, ya duba takardar awo, ya ce, “Mama, tun yaushe kike da ciwon suga?”

Ta ce, “Ni? Ba ni da shi.”

Ya ce, “Kina da shi, ya kuma hau sosai. Shi ya hana ciwon warkewa. Daina zafin da kika ji ba sauƙi ba ne, naman ne ya mutu.” Ya ɗago ya dube ni. “Da a satin farko kuka zo, wanki da ƙwayoyi ne kawai.”

Wannan maganar har yau tana kunnena. Wanki da ƙwayoyi kawai.

Da aka ce za a yanke, Yaya ba ta yi ihu ba. Ta ce, “Likita, don Allah ka bar mini babban da na tsakiya. Da su biyun ina iya riƙe allura.” Ya ce zai gwada. Ya kuwa gwada, Allah ya saka masa. Suka cire na nunin, suka kwantar da mu. Muka yi kwanaki muna leƙen bandeji muna addu'a. Sai baƙin ya sake bayyana a tafin hannu, yana hawa. Suka mayar da ita ɗakin tiyata. Da aka turo ta waje, hannun dama ya ƙare a wuyan hannu.

Jinya, 'yar uwa, ba a gane ta sai an yi. Ni ce wanka, ni ce kai ta banɗaki, ni ce ɗaura mata zani. Matar da ke zura zare a allura ba tare da ta kalla ba, ta koma ba ta iya kai loma baki sai ta zubar. An hana ta shayinta mai sukari, an hana ta kunun gyaɗa, sai tuwon alkama da ganye, tana ci tana harara ta kamar ni na ƙirƙiro ciwon. Abin da ya fi ba ni tsoro, sai ta ce in sosa mata ɗan yatsan nuni, yana mata ƙaiƙayi. Yatsan da babu. In na tsaya ina kallonta sai ta daka mini tsawa, “Ki sosa mana!” Sai in sosa bandejin.

Akuyata da 'ya'yanta suka tafi kasuwa. Ragon layyar da Baban Sadiya ya ɗaure tun azumi shi ma ya bi su. Ya yi mita, ba zan ɓoye ba, ya ce zanin gadon wata ya cinye masa layya, amma bai taɓa bari magani ya yanke ba, kuma bai faɗa a gabanta ba. Ɗanta ya turo abin da ya samu, ya yi kuka a waya, bai samu zuwa ba. Akwai wata nas, 'yar Karai-Karai, Kirista ce, Sista muke ce mata. In za ta wanke ciwon sai ta sa in rungume kan Yaya, ita kuma tana jan ta da hira, “Mama, ki koya mini furen nan naki mana, nawa kullum kamar kabewa yake fitowa.” Ita kaɗai ta sa Yaya dariya a ɗakin nan. Duk inda take, Allah ya duba mata 'ya'yanta.

'Yan Musaya sun zo dubiya sau ɗaya, a motar Hajiya Falmata, motar da aka ce za ta kai Yaya asibiti in an gama. Suka cika ɗaki da turare. Tsarabarsu lemon kwalba mai zaƙi da biskit, ga mai ciwon suga. Hajiya ta tsaya daga ƙafar gado, ba ta matso ba.

“Wushe, sannu Malama, ya jiki? Kai, abu bai yi daɗi ba. Amma ke ma da ganganci, ciwo har ya kai haka ba ki je asibiti ba?”

Na buɗe baki, Yaya ta taka mini burki da idonta. Inna Dije ta ce ai da an bar gautar ta cika kwanakinta da ba a kai ga wuƙa ba, gaggawar yaran zamani ce. Ni ce yaran zamanin.

Na ɗauki kwanuka na fita wanki a famfon da ke bayan taga. Su kuma da suka fito suka tsaya a baranda, ba su san ina nan ba. Na ji wata tana cewa, “Zarurrukan nan nata na Kano fa, cike da gwangwani, yanzu me za ta yi da su?” Wata ta ce, “Ni ƙaramin almakashin nake so.” Sai muryar Hajiya: “Ku dai ku bi a hankali. Ni zanin gadona nake ji, kada a bar shi ɓera ya ci.”

Ta koma ciki ta roƙi makullin ɗakin Yaya, wai za ta adana aikin. Yaya ta ba ta, har fuskarta ta yi haske. “Hajiya, saura ƙafafun da kusurwa ɗaya. Ki sa wata mai hannu ta ƙarasa, zaren yana cikin gwangwani. Tabon kuma in aka jiƙa da ruwan sanyi zai fita.” Da na je Dogo Nini ɗebo mata kaya daga baya, babu zanin, babu gwangwanin, babu almakashin.

An sallame mu ana dab da Sallah, na wuce da ita gidana. Ranar Musaya ta tashe ni tun da safe. Jiri bai barin ta ta tsaya, don haka ta ce in je a madadinta, in gaishe su, in karɓo mata kyautarta, in kuma duba mata yadda ɗawisun ya zauna a gadon Hajiya. Har ta ba ni aron mayafinta mai kyau.

Na hau keke na je. Ina shiga tsakar gidan, kafin in kai falo, na gan shi. An ɗaure wani ƙaton rago a gindin bishiya, kusa da shi buhun dusa, an lulluɓe buhun da farin ƙyalle saboda yayyafi. Jelar ɗawisu ce ta fara kama mini ido, shuɗi da kore da ruwan zinariya, kowane gashi a zaune. Ragon ya kama gefe ɗaya yana tauna.

Na shiga falo. Mata cike, ana buɗe kyaututtuka ana guɗa, ga rigunan filo, ga mayafin tebur, ga jakar Alƙur'ani. Na gaishe su, na ce Yaya ta aiko ni karɓar kyautarta.

Hajiya Falmata ta gyara zama. “Ai kin san doka, ko ba ta gaya miki ba? Wadda ba ta kawo ba, ba ta karɓa. Aikinta bai kammala ba. Ba ni na kafa dokar ba, tare da ita muka kafa.” Jakar Alƙur'anin nan da aka ɗinka da sunan Yaya, a gabana aka miƙa wa wata.

Na ce, “Hajiya, zanin da na gani a kan buhun dusa fa?”

“Wari yake. Mun wanke, bai fita ba. Ciwo ya taɓa shi.”

“Hannun mutum ne fa a jikin zanin nan, Hajiya.”

Ta ce, “To ai shi ya sa ba zan kwanta a kai ba.”

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Na ce to a ba ni shi in mayar mata. Hajiya ta ce ba a mayar da kyautar Musaya, abin kunya ne. Kin ji fa. Wajen karɓa, aikin bai kammala ba. Wajen mayarwa, ya zama kyauta. Sai ta jawo kwanon nan nasu daga ƙarƙashin kujera, ta tona, ta zaro guntun zare ruwan goro, ta ajiye mini a tafin hannu kamar mai ba da sadaka.

“Ki kai mata, ta ajiye don tunawa. Ki ce muna gaishe ta.”

Da na dawo na tarar Yaya ta sa 'yata Sadiya ta fito mata da kujera bakin ƙofa, ta zauna tana kallon hanya, dungulmin hannun a cinya. Tun kafin in sauka daga keke take tambaya. “Ta shimfiɗa? Wa ta ƙarasa ƙafafun? Tabon ya fita?”

Na ce, “Na gan shi, Yaya. Jelar ce ta fara kama mini ido tun daga ƙofa.” Ban yi ƙarya ba. Kyautarta kuma na ce wadda ta zaro ta ba ta gama ba tukuna. Nan kam na yi ƙarya. Zaren na jefa shi cikin gwangwanin ashana a kicin, yana nan har yanzu.

To, ga abin da nake so ki ɗauka. In kika ga mutum yana shan ruwa ba ƙoshi, yana yawan fitsari, yana ramewa, a je a auna jininsa. In ciwo ya kwana biyu a yatsa yana bugawa, kada ki tsaya huda lemo, kada ki saurari mai cewa ba a kai shi asibiti. In ya daina zafi alhali bai warke ba, ki ruga. Mai ce miki ki daure ki gama mata aiki, ki dubi hannunta, nata lafiya lau yake.

Yaya ta warke, alhamdu lillahi. Sugan ya sauka, tana shan maganinta, ta koyi cin tuwo da hagu. Ba wadda ta sake leƙo ta daga Musaya, ita kuma kullum tana ba su uzuri, wai hidima ta yi musu yawa. Watannin nan ta sa na samo mata buhu da zaren ulu, irin na masu koyo. Tana danne buhun da dungulmin, tana soka allura da hagu. Furen farko ya fito a karkace, ta warware. Na biyu ma ta warware. Na jiya kam ya yi kama da fure, ta ɗaga shi tana nuna wa Baban Sadiya kamar yarinya.

Yau azumi ya raba tsakiya. Ɗazu muna gyaran zogalen buɗa baki ta ce mini, “Binta, bayan Sallah ke za ki raka ni gidan Hajiya ranar zaro zare. Ko ƙaramin abu ne zan iya, ko mayafin kofi. Allah ya sa in zaro wata mai haƙuri.” Tana faɗa tana murmushi, ni kuma ina kallon gwangwanin ashana a kan kantar kicin.

Ke da kika zauna kika ji duka, gaya mini: in ɗauko zaren nan in sa mata a hannun da ya rage tun yanzu, ko in bar ta ta sa mayafinta mai kyau ta je ta ji daga bakinsu?